Man bilicin: abin da likitoci suka gano yana faruwa a ƙarƙashin fata

Duk lokacin da bukukuwan aure suka kankama, musamman bayan Salla da kuma lokacin kaka, kasuwar masu sayar da man shafawa takan buɗe a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. A kan tebura ana ganin kwalabe da ƴan bututu a jere, wasu da hoton karas ko gwanda ko lemun tsami a jiki, wasu da alkawarin haske cikin ƴan kwanaki. Akwai kuma wanda ba shi da suna ko kaɗan, wanda ake kira "haɗi": mai kaya ta dama mai kala uku ko huɗu a roba ɗaya, ta tallata a TikTok ko WhatsApp, a kai wa amarya har gida. Ƴan uwa mazauna Kwatano, Lome, Abijan ko Paris su ma wani lokaci sukan sako shi cikin tsaraba.

Lamarin bai tsaya ga Nijar ba. Wata takarda da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar a 2011 ta tattaro alƙaluman da ke nuna cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da kayan ƙara hasken fata, kashi 59 a Togo, 35 a Afirka ta Kudu, 27 a Senegal, sai 25 a Mali. Samari ma sun shiga, kuma akwai iyaye mata da ke shafa wa ƴaƴansu ƙanana.

Fiye da shekara 80 ke nan likitocin fata na bin diddigin abin da waɗannan mayuka ke yi wa jiki, kuma kaso mai tsoka na binciken a Afirka aka yi shi. Abin da ya fito fili shi ne, man da ke sa haske da gaggawa yawanci magani ne mai ƙarfi ko guba aka ɗura a kwalbar kwalliya. Haka kuma wadda ta daɗe tana shafawa tana buƙatar taimakon likita kafin ta rabu da shi lafiya.

Marinar da ke cikin fata

Fata ce gaɓa mafi faɗi a jikin ɗan Adam. Ta babban mutum, da za a shimfiɗa ta, takan kusan kai murabba'in mita 2. Hawa-hawa ce, kuma hawan sama da ido ke gani bai fi takarda kauri ba a yawancin sassan jiki. Kullum cikin sabuntawa yake: sababbin ƙwayoyin halitta na tsirowa daga ƙasa, su yi ta hawowa har su mutu su kaɗe, tafiyar da ke ɗaukar kimanin wata guda.

A gindin wannan hawa ne ake samun wasu ƙwayoyi da masana ke kira melanosait, masu aiki irin na marina. Kusan ɗaya cikin kowace ƙwaya 10 da ke gindin ta rini ce. Tana haɗa rinin da ake kira melanin, ta ɗura shi cikin ƴan mitsi-mitsin jakunkuna, sannan ta miƙa wa maƙwabtanta ta wasu rassa masu kama da saiwa. A 1963 wasu masana biyu, Thomas Fitzpatrick da Aodán Breathnach, suka bayyana cewa kowace ƙwayar rini na raba wa ƙwayoyin fata kimanin 36.

Yawan waɗannan ƙwayoyi kusan ɗaya ne a jikin Bahaushe da Balarabe da Bature. Bambancin launi na zuwa ne daga yawan rinin da suke haɗawa, da irinsa, da girman jakunkunan da ake ɗura shi. A fatar baƙin mutum jakunkunan manya ne, cike da rini, kuma sukan daɗe ba su narke ba.

Haɗa rinin ba ya yiwuwa sai da wani sinadari mai suna tirozinaz, wanda ke ɗauke da ɗan ɓurɓushin jan ƙarfe a cikinsa. Shi ne wutar da ke ƙarƙashin tukunyar marinar, kuma yawancin mayukan bilicin shi suke nema su kashe.

Malafar da aka haifi mutum da ita

Idan jakunkunan rini suka shiga ƙwayar fata, sukan taru a saman cibiyarta, inda kundin gadon halitta, wato DNA, yake ajiye. A na'urar hangen ƙananan halittu ana ganin su kamar malafa a kan manomi. Aikinsu shi ne tare wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, wanda ake kira UV, domin shi ne ke ƙona fata, ya tsofar da ita, ya kuma lalata DNA har ta kai ga ciwon daji.

A 1979 wasu masu bincike a Amurka, ƙarƙashin Kays Kaidbey, suka auna ƙarfin wannan kariya. Sun gano cewa hawan saman fatar baƙin mutum na ba da kariyar da ta kai maki 13 a ma'aunin man kariyar rana, yayin da ta farar fata ke tsayawa wajen maki 3. A ƙasa kamar Nijar, inda zafi ke zarce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Zabiya ne shaida: suna da ƙwayoyin rini kamar kowa, amma rinin ba ya samuwa ko kuma kaɗan yake samuwa, shi ya sa ciwon dajin fata ke kama da yawa daga cikinsu tun suna matasa idan ba su samu kariya ba.

A shekara ta 2000, Nina Jablonski da George Chaplin sun kwatanta taswirar ƙarfin UV a duniya da launin fatar mazauna kowane yanki, suka ga sun yi daidai: inda rana ta fi ƙarfi, nan fata ta fi duhu. A 2017 kuma tawagar Sarah Tishkoff ta Jami'ar Pennsylvania ta binciki ƙwayoyin gadon mutane kusan 1,600 a Habasha, Tanzaniya da Botswana, ta gano cewa da yawa daga cikin ƙwayoyin gadon da ke sa duhu da waɗanda ke sa haske duk a Afirka suka samo asali, tun shekaru dubbai ɗaruruwa da suka wuce. Wato baƙi da wankan tarwaɗa da ja duk ƴan gida ne, kowane da irin rinin da ya gada.

Daga safar hannun majema zuwa kwalbar kwalliya

Sinadarin da ya fi suna a harkar bilicin shi ne haidrokinon, wanda masu wanke hoto suka daɗe suna aiki da shi. Tarihin shigarsa harkar fata ya faro ne da haɗarin wurin aiki. A 1939 likitoci a Amurka suka ba da rahoton wasu ma'aikatan masana'antar jima, da yawansu baƙaƙen fata, da hannayensu suka yi dabbare-dabbaren fari. Da aka bincika, sai aka gano cewa safar hannu ta roba da suke sawa na ɗauke da wani ɗan uwan haidrokinon, mai suna monobenzon, wanda ke kashe ƙwayoyin rini kwata-kwata. Abin da aka fara gani a matsayin cuta, daga baya kamfanoni suka mayar da danginsa haja.

Haidrokinon na toshe tirozinaz, yana kuma raunana ƙwayar rinin kanta. Cikin makonni fata takan yi haske, amma ba bai ɗaya ba. Gaɓoɓin yatsu, gwiwar hannu, gwiwar ƙafa da bayan kunne sukan ƙi, abin da ke tona asirin mai shafawa, ya kuma tura ta neman haɗi mafi ƙarfi.

A 1975 wani likitan fata a Pretoria, George Findlay, tare da abokan aikinsa, suka bayyana wata cuta da suka riƙa gani a fuskokin matan Afirka ta Kudu da suka shafe shekaru suna shafa haidrokinon. Sunanta okronoz. Wuraren da rana ta fi duka, wato kumatu, goshi, gefen ido da wuya, sukan rikiɗe su yi baƙi mai shuɗi-shuɗi, fatar ta yi kaushi da ƴan ƙananan ƙuraje baƙaƙe. Idan aka yanki ɗan guntun fatar aka duba, ana ganin wasu dunƙule masu ruwan ƙasa, masu lanƙwasa kamar ayaba, sun zauna can ciki inda mai ba ya isa ya cire su. Mace ta shafa don ta yi haske, ta wayi gari fuskarta ta fi yadda take da farko duhu, sai ta ƙara yawan man, shi kuma tabon ya ƙara faɗi. Har yanzu babu maganin da ke kawar da okronoz gaba ɗaya. Garin gyaran gira ke nan aka rasa ido.

Kortikoyid: maganin da aka mayar man shafawa

Bututun da ake matsewa cikin haɗi yawanci kortikoyid ne. Wannan magani ne na gaske, mai amfani ƙwarai. Tun 1952, da Marion Sulzberger da Victor Witten suka fara gwada haidrokortizon a fatar marasa lafiya a Amurka, likitoci ke kwantar da ƙaiƙayi da kumburin fata da shi. Sai dai yana da matakan ƙarfi, kuma wanda ya fi yawo a kasuwa, kulobetazol, yana sahun ƙarshe: ya ninka haidrokortizon ƙarfi sau ɗaruruwa. Takardar da ke cikin kwalinsa na gargaɗin kada a wuce giram 50 a mako, kada kuma a zarce mako 2 zuwa 4, sannan ba a son sa a fuska. Masu bilicin kuwa suna shafe jiki duka da shi, safe da dare, shekara da shekaru.

Hasken da yake bayarwa na zuwa ta hanya uku. Yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, yana rage aikin ƙwayoyin rini, yana kuma hana fata sabunta kanta da saƙa zaren da ke riƙe ta. Wannan na ƙarshen ne ke sa fata ta yi siriri har a riƙa hango jijiyoyi kore-kore, ta tsage ta yi nankarwa masu faɗi a hammata, cinya da ƙirji, ciwo kuma ya ƙi warkewa da wuri. Ga macen da za a yi wa tiyatar haihuwa, irin wannan fata matsala ce wajen ɗinki.

Likitan fata Antoine Mahé, wanda ya yi aiki a Cibiyar Marchoux ta Bamako sannan a Dakar, ya wallafa bincike tare da likitocin Senegal a 2003 kan matan da ke zuwa asibiti da matsalar fata bayan bilicin. Abubuwan da suka fi gani sun haɗa da makero mai mamaye jiki, ƙazuwa mai tsanani, ƙurajen fuska da nankarwa. Dalili shi ne kortikoyid na kwantar da garkuwar fata, ƙwayoyin cuta su samu filin kiwo, kuma da yake yana danne ja da ƙaiƙayi, cutar takan yi nisa kafin a gane ta. A Indiya, yawan shafa irin waɗannan mayuka ba bisa ƙa'ida ba na cikin abubuwan da ake dangantawa da yaɗuwar wani sabon nau'in makero mai jure wa maganin da aka saba ba shi, wanda masana suka raɗa wa suna a 2020, kuma tuni ya tsallaka zuwa wasu nahiyoyi.

Maganin ba ya tsayawa a fata, yana ratsawa ya shiga jini. A saman kowace ƙoda akwai wata ƴar gaɓa da ke samar da sinadarin kortizol, wanda ke daidaita bugun jini da sukari, yake kuma taimakon jiki lokacin rashin lafiya. Idan kortikoyid na waje ya yi yawa a jini, sai a ga hawan jini, ciwon sukari, fuska ta kumbura ta yi zagaye, ciki ya yi teɓa, gashi ya tsiro wa mace a haɓa, al'ada ta rikice. Su kuma ƴan gaɓoɓin saman ƙodar, ganin kaya na shigowa daga waje, sai su daina aiki. A 2007 tawagar Mahé ta sake wallafa wani bincike kan masu juna biyu a Dakar, inda ta gano cewa waɗanda ke shafa kortikoyid mai ƙarfi sun fi haihuwar jarirai marasa nauyi, mabiyiyarsu ma ta fi ƙanƙanta.

A Dakar ɗin ne kuma Farfesa Fatimata Ly da abokan aikinta suka ba da rahoto a 2010 kan ciwon dajin fata a jikin matan da suka shafe shekaru masu yawa suna bilicin, a wuraren da rana ke duka. Cuta ce da ba a saba ganin ta a irin waɗannan wurare a jikin baƙar fata ba.

Zaiba, ƙoda da sauran mutanen gida

Guba ta uku ita ce zaiba, wadda ake kira merkuri, da ake sawa a wasu mayuka da sabulai. Tana ture jan ƙarfen da ke cikin tirozinaz, rini ya tsaya. Tun 1972 likitoci a Nairobi suka lura cewa da yawa daga cikin ƴan matan da ke zuwa da wani ciwon ƙoda mai sa kumburin jiki da zubar furotin cikin fitsari masu shafa man zaiba ne. Bayan ƙoda, zaiba na taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi: rawar hannu, mantuwa, rashin barci, saurin fushi da mutuwar yatsu.

Illarta ba ta tsaya ga mai shafawa ba. Tana manne wa tawul, zanen gado da hannun uwa, tana tashi cikin iskar ɗaki, tana ratsa mabiyiya ta kai ga ɗan tayi, tana kuma fita a ruwan nono. Miji da yaran da ba su taɓa buɗe kwalbar ba na iya ɗauke da ita a jini.

Zama a ƙasar waje ma bai zama kariya ba. A 2019, a birnin Sacramento na Amurka, an kwantar da wata mata ƴar shekara 47 da ta daina iya magana da tafiya bayan ta daɗe tana shafa wani man fuska da aka kawo mata daga Meziko. Da aka auna man, an samu zaiba da ta ninka iyakar da doka ta yarda sau 12,000. Kwalbar ta wani sanannen kamfani ce, wasu ne suka buɗe ta suka ƙara gubar kafin ta iso hannunta.

Allura da ƙwayoyin haɗiya

A ƴan shekarun nan an samu sabon yayi na allura da ƙarin ruwa da ƙwayoyin gulutatiyon, da ake tallatawa da sunan haske daga ciki. Jiki da kansa na samar da wannan sinadari, amma babu ingantaccen binciken da ya tabbatar cewa allurarsa na sa haske mai ɗorewa ba tare da illa ba. Hukumar kula da magunguna ta Filifin, ƙasar da yayin ya yi ƙarfi, ta sha gargaɗin cewa allurar na iya taɓa ƙoda da hanta, ta kuma haddasa wani mummunan saɓulewar fata mai kisa. Idan aka yi ta a shagon kwalliya da kayan da ba a tsabtace ba, ga haɗarin ciwon hanta da sida.

Ko kayan manyan kamfanoni ba su tsira ba. A watan Yulin 2013 kamfanin Kanebo na Japan ya janye mayukansa masu ɗauke da wani sabon sinadari, rododendrol, bayan da fatar masu shafawa ta fara yin dabbare-dabbaren fari. Waɗanda abin ya shafa sun haura mutum 19,000. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa tirozinaz da kansa ne ke juya sinadarin ya zama gubar da ke kashe ƙwayar rini.

Doka ta hana, kasuwa na ci

Afirka ta Kudu ta haramta haidrokinon a kayan kwalliya a 1990, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2001, Amurka kuma ta hana sayar da shi ba tare da takardar likita ba a 2020. Kodibuwa ta kafa dokarta a 2015, wadda ta haɗa da zaiba, kortikoyid da haidrokinon da ya wuce kashi 2 cikin 100. Ghana da Ruwanda ma sun ɗauki matakai, sannan a 2023 hukumar NAFDAC ta Najeriya ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ta ci sunan garin Japan da zaiba ta halaka mutanensa, ta fara ƙayyade miligiram 1 a kowane kilo na kayan kwalliya, kafin taron 2023 ya amince, bisa shawarar ƙasashen Afirka, a haramta ta gaba ɗaya daga 2025.

Duk da haka kaya na ci gaba da ratsa iyakoki cikin jakunkuna da manyan motoci, ana kuma sayar da su ta intanet. A Paris, sai da hukumar birnin ta yi gangamin faɗakarwa a 2009 a unguwannin da ƴan Afirka ke sayayya. Abin da aka rubuta a jikin kwali ma ba abin dogaro ba ne, domin gwaje-gwaje a ƙasashe da dama sun sha gano sinadaran da ba a ambata ba. Amma idan aka ga an rubuta hydroquinone, clobetasol, betamethasone, mercure, mercury ko calomel, to babu sauran tantama. Haɗin da ba shi da takarda kuwa, ko mai damawar ba ta san adadin abin da ke ciki ba.

A ɗakin likitan fata

Da yawa daga cikin masu bilicin ba da niyyar sauya launi suka fara ba. Wata tabon ƙurajen fuska ne ya dame ta, wata kuma baƙin da ke fitowa a kumatu lokacin goyon ciki. Baƙar fata na da wata ɗabi'a: duk inda ta ji ciwo ko kumburi, ƙwayoyin rini sukan ƙara aiki, wurin ya bar tabo. Likita kan fara da kashe ƙurajen, tabon kuma ya dusashe a hankali cikin watanni. Wani lokaci yakan rubuta haidrokinon ɗin ma, amma kashi 2 zuwa 4 cikin 100, a kan tabon kaɗai, na ƴan watanni, tare da kariya daga rana da sake dubawa. Tsakanin wannan da shafe jiki duka na shekaru akwai tazara mai nisa.

Wadda ta riga ta yi nisa takan gamu da tarko idan ta yi ƙoƙarin dainawa. Cikin kwanaki fuska ta ɗauki zafi da ƙaiƙayi, ƙuraje su feso, fata ta yi duhu fiye da da, sai ta koma wa man don samun sauƙi. Mafi haɗari shi ne, idan gaɓoɓin saman ƙoda sun riga sun yi barci, yanke kortikoyid dare ɗaya na iya jawo kasala mai tsanani, amai, jiri da faɗuwar jini, har ta kai ga rasa rai.

Shi ya sa likitoci ke neman a zo masu da duk kwalabe, bututu da robar haɗin da ake amfani da su. Sukan auna jini da sukari, su duba fitsari saboda ƙoda. Haidrokinon da zaiba ana daina su nan take. Kortikoyid kuwa ana janye shi sannu a hankali, a sauya mai ƙarfi da mai sauƙi, a riƙa rage kwanaki har jiki ya farfaɗo. Ana maganin makero, ƙazuwa kuma a yi wa mutanen gida duka a lokaci ɗaya. Don laushin fata, musamman da hunturu, man kaɗanya tsantsa ko bazilin sun wadatar, tare da mayafi, hula ko laima da man kariyar rana. Launin asali kan dawo cikin makonni zuwa watanni, fatar ma takan sake yin ƙwari, amma nankarwa da okronoz ba sa gogewa duka. Mai juna biyu da wadda za a yi wa tiyata ya kamata su faɗa wa ungozoma ko likita abin da suke shafawa, ko da ba a tambaye su ba.

Akwai wani dalilin kuma na nuna fata ga ma'aikacin lafiya kafin a shafa mata komai. Tabo mai haske wanda ba ya jin taɓi na daga cikin alamun farko na kuturta, cutar da ke warkewa sarai da maganin da OMS ke bayarwa kyauta tun 1995, kuma cibiyoyi irin ta Danja da ke kusa da Maraɗi sun daɗe suna wannan aiki. A fatar da mai ya riga ya dabbara, irin wannan tabo na iya shige wa ido har jijiyoyi su lalace.

Ƙwararrun likitocin fata ba su da yawa a yankin Sahel, kuma mafi yawansu a manyan birane suke. Sai dai wani gwaji da aka yi a Mali, wanda mujallar OMS ta wallafa a 2005, ya nuna cewa horon yini guda ga ma'aikatan ƙananan asibitoci kan cututtukan fata da aka fi gani ya inganta aikinsu ƙwarai, ya kuma rage kuɗin da marasa lafiya ke kashewa kan magungunan da ba su da amfani. A watan Mayun 2025, babban taron OMS a Geneva ya amince da ƙudurin da Kodibuwa ta jagoranta, wanda ya sa cututtukan fata cikin manyan matsalolin lafiyar al'umma a duniya, tare da kira ga ƙasashe su horar da ma'aikatan matakin farko.

Masu saye da masu sa a saya

Kwalbar ba ita ke kai kanta gida ba. Akwai saurayin da ke yi wa farar mace kirari a gaban budurwarsa baƙa, da dangin ango masu tanka launin amarya ranar kai ta, da kishiyar da ake gasa da ita, da finafinai da tacen hoton waya da ke ƙara wa kowace fuska haske. Kamfanin Unilever sai a 2020 ya sauya sunan mansa Fair & Lovely zuwa Glow & Lovely, bayan shekaru fiye da 40 yana tallata wa ƴan mata cewa haske ne hanyar samun aiki da miji. Muddin ana auna darajar mace da launinta, mai haɗi ba za ta rasa masu saye ba.

Ga amaryar da aka ba robar haɗi saura mako shida biki, lalle da dilkar da ba a gauraya da bututu ba sun isa gyaran jiki. Ga wadda ta yi shekaru tana shafawa, ko ɗan uwan da ke shirin sako kwalabe cikin kayan tsaraba, matakin farko ba shi da tsada: a tattara kayan cikin leda, a kai su CSI ko asibitin da ya fi kusa, a nuna wa ma'aikacin lafiya, a faɗa masa shekara nawa aka yi ana shafawa.